Wa Ya Faɗa? Waiwaye kan karatun tantance labari a ƙasar Tasawa da Mayahi

A ƙarshen shekarun 1980 da farkon na 1990, yaron da ya fito daga Korgom ko Urafan ko Kanambakashe ya ci jarrabawar bak, hanya ɗaya ce a gabansa in yana son jami'a a cikin ƙasa. Sai ya hau mota zuwa Yamai, tafiyar fiye da kilomita 700 daga Tasawa. Mai karatun Larabci ne kawai ke da wata ƙofa, ta jami'ar Musulunci da ke Say. Jami'ar Yamai ɗin ma, tun 1992, sunan ɗan Tasawa take ɗauke da shi: Abdu Mumuni, wanda aka haifa a garin a 1929, masanin kimiyyar hasken rana, wanda ya wallafa littafi kan ilimi a Afirka a 1964. Da yawa daga cikinmu mun yi shekaru muna shiga muna fita a ƙarƙashin sunansa, ba mu taɓa riƙe littafin nan a hannu ba.

Bincike a wancan zamani aikin ƙafa ne da na haƙuri. Ka je ɗakin karatu, ka ja akwatin katuna, ka bi su ɗaya bayan ɗaya, ka samu sunan littafin da kake nema, a ce maka wani ya ara tun bara. Abin da ya riƙe mu shi ne fotokopi. Malami ya zo da babi ɗaya daga Faransa, shugaban aji ya kai a buga, 'yan ajin baɗi su buga daga namu, na bayansu su buga daga nasu. Kafin a kai hawa na huɗu baƙaƙen sun yi dishi-dishi, shafin farko kuma ya daɗe da yagewa. Sai ka haddace shafi talatin ba ka san wanda ya rubuta su ba, ba ka san shekarar ba, ba ka san ko marubucin ya taɓa taka ƙasar da yake magana a kanta ba. A wurin jarrabawa mu ce "masana sun ce", a ba mu maki, kowa ya kama gabansa.

Na daɗe ina ganin wannan takarda marar kai ita ce kakar saƙon murya da ake turawa a WhatsApp yau. Duka biyun magana ce da ta rabu da mai ita, tana yawo hannu zuwa hannu, kuma yawan yawon ne ke ba ta kwarjini.

Ta fuskar labarai kuwa, iyayenmu sun fi mu wayo, ko da yake ba su shiga lakwal ba. A cikin gida murya ɗaya ce, Muryar Sahel, da jaridar gwamnati wadda ba ta isa ƙauye sai ta tsufa. Amma duk mai 'yar rediyo a zauren Mayahi ya san lokutan BBC, wadda ta fara Hausa a 1957, da Muryar Jamus, da Muryar Amurka, ga kuma Rediyon Kaduna da ke shigowa tangaram da dare. In London ta faɗi abu, dattijo ba ya tashi da shi sai ya ji bakin Jamus. In suka saɓa, sai a jira direban da zai dawo daga Katsina ko Damagaram ran kasuwa. Gwada majiya da majiya ke nan, abin da yanzu ake koyarwa a aji da allo da majigi. Bayan kisan ɗalibai a gadar Kennedy ranar 9 ga Fabrairun 1990, sai jaridar Haske ta fito a shekarar, ta farko mai zaman kanta a wancan zubi, sai Babban Taron Ƙasa na 1991, sai gidajen rediyo masu zaman kansu irin su Anfani, sai rediyon karkara. Baki ya buɗe, muryoyi suka yawaita.

Wayar salula ta shigo a 2001, ta fara da manyan garuruwa, ta gangara kasuwannin ƙauye. Wata masaniyar tattalin arziki Ba'amurkiya, Jenny Aker, ta bi farashin hatsi a kasuwannin Nijar na waɗannan shekaru, ta wallafa a 2010 cewa zuwan waya ya rage tazarar farashi tsakanin kasuwa da kasuwa da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari. 'Yan kasuwar Maraɗi sun san haka tun kafin a rubuta, amma ita ta auna. A 2010 ɗin nan aka kafa jami'o'i a Maraɗi da Damagaram da Tawa. Ta Maraɗi ita ce ke ɗauke da sunan Dan Dikko Dankulodo. Ɗan Tasawa ya samu jami'a a tafiyar 'yan awoyi, yana iya zuwa gida ya yi noma ya koma.

Abin da ba a cika magana a kansa ba shi ne canjin da ya faru ba tare da an aza bulo ko ɗaya ba. Mujallun ilimi, waɗanda a da sai jami'a mai kuɗi ke iya sayensu, an tara su a rumbunan bincike na intanet, kuma an buɗe wa ƙasashe irin namu ƙofofi da dama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara da Hinari a 2002 don mujallun likitanci. Hukumar Abinci da Noma ta biyo da AGORA a 2003. Daga baya aka ƙara na muhalli da na ƙere-ƙere da na shari'a, aka haɗa su a ƙarƙashin Research4Life, kuma Nijar na cikin ƙasashen da makarantunsu ke shiga kyauta in sun yi rajista. Rumbun JSTOR ya yafe wa makarantun Afirka kuɗin shiga a 2006. Rumbun AJOL yana tara mujallun da ake bugawa a nahiyar tun 1998. Ga mai karatu da Faransanci kuwa, akwai Persée da Cairn, dukansu tun 2005, da OpenEdition, da rumbun Horizon na cibiyar IRD, wadda a da ake kira ORSTOM, inda aka zuba rahotannin masu binciken da suka yi shekaru a ƙauyukan Maraɗi. Cibiyar LASDEL ta Yamai, da aka kafa a 2001, ita ma tana sa rahotanninta a shafinta, kowa ya sauke.

Na ga amfanin wannan a gida. 'Yar ƙanena, wadda ta taso a wajen Mayahi, an ba 'yan ajinsu aiki a darasin tantance labarai: kowa ya ɗauki wani labari da kafofin watsa labarai suka bayar game da yankinsa, ya nemo abin da bincike ya nuna, ya gwada su. Irin wannan darasi ba jiya aka fara maganarsa ba. UNESCO ta yi kira gare shi tun 1982, ta fitar da manhajar malamai a 2011, kuma a Abuja aka yi babban taronsa na duniya a 2022. 'Yar ƙanen nawa dai ta zaɓi yunwar 2005, lokacin tana goye. Ta kira ni ta ce, "Baba, kowa ya ce fara ce ta cinye amfanin gona, amma takardun da nake karantawa ba su tsaya a kan fara ba."

Gaskiyarta. Labarin da duniya ta ji a damunar 2005 gajere ne: fari da fara sun halaka gonaki, yara suna mutuwa a Maraɗi, a kawo agaji. Hotunan da BBC ta ɗauka a watan Yuli a cibiyar ciyar da yara su ne suka girgiza masu ba da taimako. A ɗaya gefen kuma Shugaba Tanja Mamadu ya fito ya musanta cewa akwai yunwa. Labari biyu ke nan, kowane da mai shi, kowane da abin da yake karewa. Da ta shiga Cairn sai ta tarar da fitowa ta musamman ta mujallar Afrique contemporaine ta 2008, wadda Jean-Pierre Olivier de Sardan ya jagoranta, da sharhi kan littafin da Xavier Crombé da Jean-Hervé Jézéquel suka shirya a 2007. A nan ta ga abin da bai shiga rahoton minti biyu ba. Girbin 2004 ya ragu, amma bai rushe ba. Hatsi na nan a kasuwa, farashin tiya ne ya fi ƙarfin talaka, saboda buƙatar kasuwannin Najeriya da hana fitar da abinci da wasu maƙwabta suka yi. Gonaki a kudancin Maraɗi sun tsuke saboda yawan jama'a da rabon gado, magidanci ya sayar da gero da arha a kaka don biyan bashi, ya dawo ya saya da tsada a bazara. Tamowar yara kuwa ba baƙuwa ba ce a yankin, kowace shekara tana nan, kyamara ce ba ta nan. Likitocin ƙungiyar agaji ta MSF sun yi jinyar yara fiye da 60,000 a Nijar a shekarar, adadi mai yawa daga cikinsu a jihar Maraɗi, wadda ake kira rumbun ƙasa.

Abin da ya burge ni ba yawan takardun da ta tara ba ne. Tambayoyin da ta koyi yi ne. Wane ne marubucin, wa ya biya kuɗin binciken, a waɗanne ƙauyuka ya zauna, wata nawa, da wane harshe ya yi hira, kuma wa ya duba aikin kafin a buga. A mujallar kirki, maƙala ba ta fita sai masana biyu ko uku na fannin sun karanta sun yi gyara, galibi ba tare da sun san sunan marubucin ba. Wannan ba ya hana kuskure, amma yana barin sawu: akwai suna, akwai shekara, akwai shafi, akwai wanda za a kama in ƙarya ta fito. Almajirin da ya yi karatun hadisi a zaure ba zai ga baƙon abu a nan ba, domin shi ma an koya masa ya tambayi wa ya karɓa daga wa kafin ya kafa hujja.

Wani abokin karatunta ɗan Maijirgi ya ɗauko abin da ya fi wannan nauyi. A garinsu kaburburan Voulet da Chanoine suke, hafsoshin Faransa biyu da suka ratsa ƙasar Hausa a 1899 suna ƙona garuruwa, daga Birnin Ƙonni har zuwa Koran Kalgo. Gwamnatinsu ta turo Kanar Klobb ya tsayar da su, Voulet ya sa aka harbe shi a Dankori ranar 14 ga Yuli, kwana biyu zuwa uku bayan haka sojojinsu baƙaƙe suka kashe su su ma. Ɗakin karatun ƙasa na Faransa ya sa tsofaffin jaridu a rumbunsa na Gallica, saboda haka yaron nan, yana zaune da waya a hannu, ya karanta yadda jaridun Paris suka ba da labarin a lokacin. Abin da ya fi tayar musu da hankali shi ne Bafaranshe ya harbi Bafaranshe, kuma mahaifin Chanoine janar ne da ya riƙe ma'aikatar yaƙi a 1898. An yi ta neman uzuri a zafin rana da haukan daji. Mutanen ƙasar da aka kashe aka zuba a rijiyoyi suna zuwa ne a layi na baya, ba suna, ba dangi. Yaron ya haɗa wannan da littafin Sarauniya na Abdullahi Mamani na 1980, da fim ɗin Med Hondo na 1986, da fim ɗin African Apocalypse na 2020. Sannan ya yi abin da ya fi duka: ya koma gida ya zauna gaban tsofaffin da suka ji daga kakanninsu. Ni a ganina darasin bai cika ba sai da ya yi wannan zama.

Dalilina shi ne, rumbun bincike shi ma kafa ce ta watsa labari. Yana da masu shi, yana da harshensa, yana da abin da ya ɗauka da abin da ya bari. Ɗalibin da ya koyi zargin Facebook amma ya miƙa wuya ga duk abin da ya fito da tambarin jami'ar Turai, rabin karatu ya yi. Dubi wanda ya rubuta ƙasarmu. Heinrich Barth ya sauka Tasawa a Janairun 1851 ya rubuta abin da ya gani. Guy Nicolas da Claude Raynaut sun yi shekaru suna nazarin ƙauyukan Maraɗi. Emmanuel Grégoire ya rubuta littafin Alhazan Maraɗi a 1986, Barbara Cooper ta rubuta na aure a Maraɗi a 1997. Ayyuka ne masu daraja, kuma ina sa yara su karanta su. Amma duk baƙi ne, da Faransanci ko Ingilishi ko Jamusanci suka rubuta, don masu karatun ƙasashensu. Labarin farfaɗowar itatuwa a gonakinmu ma haka yake. Takardu suna ambaton Tony Rinaudo, ɗan Ostireliya da ya yi aiki a Maraɗi a shekarun 1980, suna kawo hekta miliyan 5 da itatuwa miliyan 200 da hotunan tauraron ɗan'adam suka taimaka aka ƙiyasta. Manoman da suka bar gawo da kalgo suka tsiro a gonakinsu, suka yi ta sassaben zamani shekara da shekaru, da matan Gulbin Kaba da ke rayuwa a kan kaba da goriba, sai ka tona sosai kafin ka ji muryarsu.

Ko neman ma sai da dabara. Wanda ya rubuta Tasawa a akwatin nema zai samu kaɗan, sai ya gwada Tessaoua da Tessawa da Tassawa, domin kowane baƙo da yadda kunnensa ya ji. Maijirgi tana fitowa da rubutu iri-iri. Yunwar 1984 da mutanenmu ke kira El-Buhari, saboda rufe iyakar Najeriya a lokacin, in ba ka haɗa da shekarar ba, ba lalle na'ura ta gane ka ba. Sai ka sa kalmomi biyu a cikin alamar zance don su fito tare, ka taƙaita shekaru, ka karanta taƙaitawar maƙala kafin ka ƙona megarka wajen sauke ta, in ka samu mai kyau guda ɗaya ka bi jerin littattafan da ke ƙarshenta. A Cairn, sababbin fitowa sukan kasance a kulle na 'yan shekaru kafin a buɗe, don haka a duba ko marubucin ya ajiye kwafi a rumbun HAL. Waɗannan abubuwa ba sa ɗaukar mako guda a koya, amma sai an samu mai koyarwa. Na san makarantar da ke da lambar shiga Research4Life, lambar tana cikin aljihun tebur na wani ofis, ɗalibai ba su ma san da ita ba.

Sai maganar wuta. Layin lantarkin da ke ciyar da Maraɗi da Damagaram daga Katsina yake shigowa ta garin Gazawa, kuma kowa ya tuna yadda aka yi bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, da Najeriya ta yanke wutar na tsawon watanni. Ɗalibi ya kai waya wurin mai caji, ya sayi mega na kwana ɗaya, ya karanta shafi arba'in na Faransancin masana a allon da bai kai tafin hannu ba. Wanda ya yi wannan ya gama, a jinjina masa.

A daidai wannan lokaci ne kuma ƙasar ta fi buƙatar masu tantancewa. An dakatar da RFI da France 24 a Agustan 2023, an dakatar da BBC na wata uku a Disambar 2024. Ko mutum yana goyon bayan matakin ko ba ya yi, abu ɗaya ya tabbata: tsohuwar dabarar dattijo ta jiran bakin Jamus bayan London ta yi rauni, wurin da ta bari kuma saƙon murya ne ya cike shi, da bidiyon wata ƙasa da aka liƙa wa sunan garinmu. A zamanin korona mun ji abin da aka yi ta yaɗawa kan allura. Yanzu ga sabon baƙo tun ƙarshen 2022: manhajojin da ke rubuta wa ɗalibi aiki cikin daƙiƙa, har da jerin littattafai masu sunan marubuci da shekara da shafi, wasunsu ba a taɓa rubuta su ba a duniya. Ga mujallun 'yan damfara da ke buga duk abin da aka biya kuɗinsa. Ga shafukan da ake zuba kundin kammala karatu ba tare da kowa ya duba ba, ɗalibi ya kwafe ya canza sunan gari. Mu a da mun rasa shafin farko. Na yanzu ana ƙera musu shafin farko na jabu, kuma wannan ya fi haɗari. Maganinsa mai sauƙi ne, ko da yake yana cin lokaci: duk takardar da aka ambata, a neme ta a rumbu, a buɗe ta, a ga shafin da ido.

Ban yarda da masu cewa yaran yanzu malalata ba ne. Sun fi mu kayan aiki nesa ba kusa ba, kuma wanda ya samu jagora a cikinsu yana yin aikin da mu ba mu isa mu yi a shekarunsa ba. Inda aka gaza, manya ne suka gaza. Kowace shekara ɗaliban Maraɗi da Yamai da Damagaram suna rubuta kundi kan ƙasar noma a Sarkin Hausa, kan auren wuri a Hawandawaki, kan rijiyoyin Caké, kan rediyon karkara da masu sauraronta. Su ne suka san harshen, su ne aka buɗe wa zaure da ɗakin tsakar gida. Kundin nan sai a ɗaure shi da roba, a kare shi gaban malamai, a ɗauki hoto, a jibge shi a kabad har gara ta gama da shi. Wanda zai yi bincike bayan shekara biyar ba zai same shi ba, sai ya koma ga baƙon da ya zo na wata uku.

Tun Maris na 2025 dokar ƙasa ta ɗaga Hausa zuwa harshen ƙasa. In da gaske ake, ga wurin farawa da ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. Shugabannin jami'o'inmu su wajabta ajiye kowane kundi da ya ci jarrabawa a rumbun intanet na makarantar, a buɗe, da taƙaitawar shafi ɗaya da Hausa wadda ma'aikacin rediyon Tasawa ko na Mayahi zai iya karanta wa jama'a. Hirarrakin da ɗalibai ke naɗa da tsofaffi a ajiye su da sunan gari da rana, da izinin masu maganar. Ma'aikatan ɗakin karatu a ba su awoyi a cikin jadawalin shekarar farko, su koya wa kowane sabon ɗalibi yadda ake shiga waɗannan rumbuna. Lambar shiga kuma a fito da ita daga aljihun tebur, a ba ɗaliban da aka yi rajistar dominsu.